Cin abinci a ƙaramin gidan abinci na iyali a Italiya: jagora ga matafiyi

Wanda ya je hutu Italiya ya ƙare kwanakinsa yana cin kebab da soyayyen dankali a bakin tashar jirgin ƙasa ta Termini a Roma, don gudun kada ya ci abin da bai halatta ba, ya yi asarar rabin tafiyar. Abincin ƙasar na ainihi yana cikin ƙananan gidajen da ake kira trattoria ko osteria: tebura goma ko sha biyar, uwa ko kaka a kicin, ɗa yana kai da kawo da faranti, uba yana zaune wajen karɓar kuɗi. Irin wannan wuri ya fi babban otal sauƙi ga Musulmi, domin wadda ta san abin da aka zuba a tukunya tana nan bayan ƙofa, ana iya leƙawa a tambaye ta. Sai dai dole ka san lokacin zuwa, ka kuma san abin da za ka tambaya da sunansa. Birnin Roma zan ɗauka misali, tunda nan yawancin baƙi ke fara sauka, amma zan riƙa leƙa wasu garuruwan inda al'ada ta saɓa.

Neman gidan

Ka fara da sanin inda ba za ka shiga ba. Duk gidan da ka ga an tsayar da saurayi a ƙofa yana yafito masu wucewa, ga hotunan abinci manne a allo, ga jerin abincin cikin harsuna biyar, to don 'yan yawon buɗe ido aka buɗe shi. Sun fi yawa kusa da Kolosiyum, da maɓuɓɓugar Trevi, da dandalin Navona. Ba lallai abincin ya yi muni ba, amma ma'aikacin da ke gabanka ɗan haya ne, sau da yawa bai san abin da ke cikin miyar ba, kuma zai amsa maka da "e" ga duk abin da ka tambaya don ka zauna.

Ka ɗan nisanta, tafiyar minti goma sha biyar da ƙafa ko tasha biyu a jirgin ƙarƙashin ƙasa. A Roma, unguwannin Testaccio da Garbatella da San Lorenzo sun fi dacewa da abin da kake nema. Trastevere gauraye take, akwai na gari akwai na bogi. Alamun gidan kirki ba su da wuyar ganewa: jerin abincin gajere ne, wani lokaci da hannu aka rubuta shi, ko da alli a kan allo, an shimfiɗa takarda a kan tebur, da rana za ka ga ma'aikata da tsofaffin unguwa a zaune suna hira da ƙarfi. Idan za ka tambayi wani, tambayi mai sayar da kayan miya a kasuwar unguwa ko wanda ya haɗa maka kofi da safe, ka ce masa ina shi yake ci.

Lokaci

Nan baƙi suka fi shan mamaki. Gidan iyali ba ya buɗe wuni guda. Abincin rana yana farawa wajen sha biyu da rabi ko ƙarfe ɗaya, a kashe wuta wajen biyu da rabi zuwa uku. Daga nan sai bakwai da rabi na yamma, kuma 'yan gari ba sa cika wurin sai takwas da rabi ko tara. Yadda ka ƙara yin kudu, zuwa Napoli ko Sisili, haka lokacin ke ƙara ja. Ka je ƙarfe biyar da yunwarka, za ka tarar da ƙofa a rufe, ko ka hango iyalin gidan suna cin nasu kafin aiki.

Kowane gida yana da ranar hutunsa a mako, galibi Litinin, ko daren Lahadi. A watan Agusta kuma, musamman kwanakin da ke kewaye da 15 ga wata, ranar bikin Ferragosto, da yawansu suna kulle shago mako biyu ko uku su tafi bakin teku. Za ka ga takarda a ƙofa an rubuta chiuso per ferie, wato an rufe don hutu.

Saboda tebura kaɗan ne, ka kama wuri tun da wuri, musamman daren Juma'a da Asabar da kuma ranar Lahadi, lokacin da dangi ke fitowa cin abincin rana. Da yawansu ba su da shafin intanet, sai waya. Idan harshen ya gagare ka a waya, ka bi ta wurin da rana ka ce, "Un tavolo per due, alle otto", wato tebur na mutum biyu, ƙarfe takwas. Za su tambayi sunanka, ka ba su gajere. Wannan hanyar ma ta fi, don ka ga wurin da idonka kuma sun ga fuskarka.

Ka lura da sallar magariba. A ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Roma sai kusan tara saura kwata, kuma zaman cin abincin dare yana iya cin awa biyu. Ko dai ka kama tebur na tara da kwata bayan ka yi salla, ko ka mai da babban cinka na rana. A lokacin sanyi babu wannan damuwar, rana tana faɗuwa kafin biyar.

Shiga da zama

Kada ka wuce kai tsaye ka ja kujera. Ka tsaya daga bakin ƙofa ka yi gaisuwa, buongiorno da rana, buonasera da yamma, ka jira a nuna maka wuri. Dattijuwar gidan signora za ka kira ta, maigidan kuma signore. Gaisuwa tana da nauyi a wajensu, kuma Bahaushe ba ya bukatar a koya masa wannan.

Tambayar farko da za a yi maka ta ruwa ce: naturale ko frizzante, wato ruwa zalla ko mai gas. A kwalba yake zuwa, kuma biya ake yi. Ruwan famfon Roma yana da kyau ƙwarai, a titi ma akwai famfunan ƙarfe da ke zuba dare da rana, amma a gidan abinci ba al'ada ba ce a kawo shi. Tambaya ta biyu ta giya ce. Ka ce "Niente vino, grazie", za su kwashe kofunan, shi ke nan, babu mai ƙara maka magana. Gaskiya dai ɗaya ce: a teburin da ke kusa da kai za a sha giya. Wanda zuciyarsa ba ta yarda da zama a irin wannan wuri ba, gara ya sani tun daga gida.

Za a ajiye kwandon burodi. Ba a haɗa shi da bota, kuma kada ka cika ciki da shi. Idan a Filorens kake ka ji burodin lami, ba mantuwa aka yi ba, haka mutanen Toskana ke yin nasu babu gishiri.

Maganar da ta fi komai muhimmanci

Kafin ka zaɓi komai, ka yi wa mai hidimar bayani sau ɗaya, a natse, tun wurin bai cika ba: "Non mangio maiale", ba na cin alade. Amma kada ka tsaya nan. Mutumin Italiya idan ya ji maiale, abin da ke zuwa ransa tsokar nama ce a faranti. Busasshen kumatun alade da aka yayyanka aka soya a gindin miya bai ɗauke shi nama ba. Matsayinsa a kicin ɗin Roma kamar na daddawa ne a miyar kuka: tambayi mai girki abin da ta sa, za ta lissafa komai ta manta da ita, don ba ta taɓa tunanin miya babu ita ba.

Saboda haka sai ka ambaci sunayen ɗaya bayan ɗaya. Guanciale shi ne kumatun da na faɗa. Pancetta naman jikin cikin alade ne mai kitse. Prosciutto da speck cinya ce da aka busar. Salsiccia da salame da mortadella tsiran alade ne iri-iri. Lardo da strutto kitse ne, kuma strutto ya fi kowanne ɓuya, don cikin kwaɓin fulawa da man suya yake shiga. A Napoli sugna suke ce masa. Rubuta waɗannan a 'yar takarda ko a wayarka, ka ƙara da "senza vino", ban da giya a girki, ka miƙa. A gidan iyali za ka ga yaron ya ɗauki takardar ya shiga kicin, ka jiyo murya daga ciki, ya dawo ya ce wannan da wannan za ka iya ci, wancan kuwa a'a. Wani lokaci mai girkin da kanta za ta fito tana goge hannu a atamfar gabanta ta dube ka, sannan ta yanke maka abin da za ka ci. In ta yi haka, ka bi ta.

Kada ka dogara da lambobin da ke gefen sunan abinci. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da kifi, kuma su ne lambobin ke nunawa. Alade ba ya cikinsu.

Sai batun yanka. Naman sa da na rago da kaza a irin waɗannan gidaje ba yankan Musulmi ba ne. Malamai sun yi saɓani a kan naman ƙasashen Ahlul Kitabi, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Wanda ya zaɓi ya kauce gaba ɗaya ba zai kwana da yunwa ba, domin rabin girkin Italiya taliya ce da ganye da cuku da kifi.

Karanta jerin abincin

A jere yake zuwa. Antipasto abin buɗe baki ne. Primo shi ne taliya ko shinkafa ko miya. Secondo nama ne ko kifi, kuma shi kaɗai yake zuwa a faranti, babu komai a gefensa. Idan kana son dankali ko ganye sai ka nema daban daga sashen contorno. Sai dolce, kayan zaƙi, sannan kofi. Ba dole ba ne ka bi duka. Su kansu 'yan ƙasar sai ranar Lahadi ko biki suke yin haka. Abu biyu ga kowane mutum ya wadatar, kuma ana iya raba antipasto ɗaya tsakanin mutum biyu. Abin da ba ya yi musu daɗi shi ne mutum huɗu su tare tebur da daddare su nemi faranti biyu kacal. Ga yara, ka nemi mezza porzione, rabin faranti na taliya da tumatir.

Ka tambayi abin da aka dafa yau: "Cosa c'è oggi?" Mafi daɗin abincin gidan sau da yawa ba ya cikin takarda, da baki ake faɗinsa. Ka tambayi farashinsa a nan take, babu kunya a ciki.

Abubuwa biyu na karanta farashi. Idan ka ga all'etto kusa da kuɗin kifi, farashin giram 100 ne, ba na kifin duka ba. Kifin da aka rubuta Yuro 7 yana iya zama Yuro 40 idan aka auna shi, don haka ka ce a auna a faɗa maka kafin a gasa. Ɗan tauraro kuma a gefen sunan abinci yana nufin kayan daga firiza suka fito.

Abin da za ka ci a Roma

Taliyar Roma da ta yi suna guda huɗu ce: carbonara, amatriciana, gricia, da cacio e pepe. Ukun farko duk da guanciale ake yin su. Kada ka ce a yi maka carbonara babu shi, don kitsensa ne miyar, abin da zai rage ba zai burge ka ba. Ta huɗun ita ce taka. Kayanta uku ne: taliya, da cukun madarar tumaki mai gishiri da ake kira pecorino romano, da masoro. Mai girki tana gurza cukun, ta dama shi da ɗan ruwan da taliyar ta dahu a ciki har ya yi kauri, ta juye taliyar a kai tana jujjuyawa da sauri don kada ya dunƙule. Idan ta iso gabanka, kowane sili ya sha farin romo mai sheƙi, masoron ya yi masa ɗigo-ɗigo. Ka ci nan take. Minti biyar na ɗaukar hoto ya isa ya daskarar da ita.

Mai son yaji ya nemi penne all'arrabbiata, tumatir da tafarnuwa da barkono, ko spaghetti aglio, olio e peperoncino. Yajinsu ba zai kai inda ka saba ba, sai ka nemi olio piccante, man zaitun da aka jiƙa barkono a ciki. Amma a nan akwai tarko: kalmar "mai yaji" a Italiya sau da yawa tana tafe da alade. Pizza alla diavola tsiran alade ne a kanta, ita kuma 'nduja ta yankin Kalabriya, wadda ke kama da jajjagen barkono, niƙaƙƙen naman alade ce.

Daga lokacin sanyi zuwa farkon bazararsu, kada ka bar carciofi ya wuce ka. Wani ƙunshin fure ne mai ganye a jere, ana dafa shi da na'a-na'a da tafarnuwa, alla romana, ko a soya shi sau biyu cikin mai har ya buɗe, alla giudia: ganyen waje ya yi ƙus-ƙus, zuciyar ta yi laushi. Na biyun girkin Yahudawan Roma ne, waɗanda Paparoma Paul na Huɗu ya killace a unguwa guda a 1555. Unguwar tana nan har yau a titin Portico d'Ottavia, kuma gidajen abincinta masu bin kosher, wato dokar abincin Yahudawa, ba sa shigar da alade ko kaɗan. Suna rufewa daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar, kuma maganar giya a girki sai ka sake tambaya.

Akwai soyayyen furen kabewa mai cuku da ɗan kifi a ciki, da soyayyen baccalà, kifin da aka adana da gishiri. Tsofaffin gidaje har yanzu suna bin kalandar mako: Alhamis gnocchi, 'yan curin dankali da fulawa, Juma'a kifi, Asabar tumbi. Mai son kayan ciki zai so Testaccio, inda babbar mayankar birnin ta yi aiki daga ƙarshen ƙarni na 19 har 1975, mahautan unguwar suka mai da tumbi da wutsiyar sa abincin alfahari. Sai dai tumbin da wutsiyar sukan fara da kitsen alade, a ƙara giya, don haka ko ga wanda ke cin naman sai an tambaya. Saltimbocca kuwa ka tsallake ta, da prosciutto ake lulluɓe naman.

A wasu garuruwan lissafin yana canzawa. Bolonya ce mafi wuya: ragù ɗinsu, wato miyar naman taliya, da pancetta da giya ake yi, tortellini kuma, 'yan ƙullin taliya, cike yake da alade. Can sai ka nemi tortelloni, manyan, masu cukun ricotta da ganye a ciki, da bota. Risotto, dafaffiyar shinkafarsu, a arewa kusan kullum ana zuba masa farar giya tun farkon dahuwa, haka ma spaghetti alle vongole. A ƙaramin gida ana iya yi maka na biyun babu ita tunda a take ake dafawa. Miyar wake da taliya, wadda ke kama da abincin marasa cin nama, sau da yawa da fatar alade ake dafa ta. Kudu ta fi sauƙi: pizza marinara da margherita a Napoli, pasta alla Norma a Kataniya, kuskus da kifi a Tarafani ta yammacin Sisili.

A kan tebur

Taliyar za ta zo da ɗan tauri a tsakiya. Haka ake so, kada ka mayar ka ce ba ta nuna ba. Da cokali mai yatsu kawai ake naɗe ta, ba a yanka ta da wuƙa. Ba a barbaɗa cuku a kan taliyar kifi. In ba a kawo maka ba, da gangan ne. Idan miya ta rage a faranti, ka gutsuri burodi ka suɗe. A babban otal wasu na ganin ƙauyanci ne, amma a gidan iyali farantin da ya koma kicin fes shi ne yabon da mai girki ta fi ganewa.

Za a yi jinkiri tsakanin faranti da faranti, don sai ka gama primo ake kawo secondo. Teburin naka ne har dare, babu mai korarka.

Kayan zaƙi ma sai da tambaya. Babà a jiƙe yake da barasar rum. Tiramisù wasu gidaje suna sa masa giyar marsala, wasu ba sa sawa. Ɓawon cannoli na Sisili da sfogliatella ta Napoli bisa al'ada da kitsen alade ake kwaɓa su. Panna cotta da jalatin ake daskarar da ita, kuma yawancin jalatin ɗin kasuwa daga alade ake samo shi. Mafita mai sauƙi ita ce 'ya'yan itace na lokacin, ko sorbetto, wato ƙanƙara mai zaƙi, na lemun tsami bayan ka tabbatar ba a zuba masa komai ba. Kofin bayan abinci ɗan ƙarami ne baƙi, kurɓa biyu. Cappuccino abin safe ne a wajensu. In ka nema za a kawo, sai dai a ɗan yi murmushi. A ƙarshe maigida yana iya ajiye maka ɗan ƙaramin kofin gilashi na limoncello ko amaro kyauta. Duka biyun barasa ne, ko da na farkon ya yi kama da lemo. Ka dafa ƙirji ka yi godiya ka ce ba ka sha, ba zai ji haushi ba.

Biya

Ba za a kawo maka lissafi ba sai ka nema, domin a ganinsu kawo shi ba tare da an tambaya ba kora ce. Ka ce "Il conto, per favore", ko ka tashi ka je wajen maigida a bakin ƙofa. A cikin takardar za ka iya ganin coperto, kuɗin zama, galibi Yuro ɗaya zuwa uku a kan kowane mutum. Ba cuta ba ce muddin an rubuta shi a jerin abincin. A yankin Lazio, inda Roma take, dokar 2006 ta hana shi, sai gidaje da yawa suka koma cajin kuɗin burodi. Idan ka ga servizio, an riga an saka ladan hidima, ba sai ka ƙara komai ba.

Tukuici ba wajibi ba ne, kuma ba a lissafa shi da kaso kamar a Amurka. In hidimar ta yi maka, musamman in an sha wahalar amsa tambayoyinka, ka bar Yuro biyu zuwa biyar a kan tebur, tsabar kuɗi, don na'urar kati ba kasafai take da wurin ƙarawa ba. Doka ta wajabta musu karɓar kati, kuma tun tsakiyar 2022 akwai tara ga wanda ya ƙi, amma ka riƙe 'yan takardun Yuro a aljihu saboda katin bankin gida yana iya ƙin wucewa. Mutum da yawa a tebur ɗaya su haɗa kuɗinsu su biya sau ɗaya, ba a son a ce a raba lissafi gida biyar. Ka karɓi rasit kafin ka fita.

Idan wurin ya yi maka, ka kama teburin wani daren tun kana tsaye a wajen biya. Zuwa na biyu ba sai ka sake fito da takardarka ba, kuma in ya faɗo ranar Alhamis ka roƙa a ajiye maka gnocchi da miyar tumatir zalla, don yakan ƙare da wuri.